Wace Mita Za Ka Saya Don Ruwan Da Resin Ya Tace?

Ruwan da ya fito daga tankin resin mai gauraye (ƙwayoyin roba iri biyu da ke cire narkakken gishiri daga ruwa) yana da turjiyar lantarki har 18.2 MΩ·cm a zafin digiri 25, wato wutar da yake wucewa da ita 0.055 µS/cm ce kawai. A wannan matakin yawancin mitocin auna tsabtar ruwa ƙarya suke yi.

Alƙalamin TDS na aljihu, mai auna narkakken gishirin cikin ruwa, ka ajiye shi gefe, da zarar ruwa ya yi tsabta sai ya tsaya a 000. Mita mai bakin awo kamar zobe kuwa don ruwan gishiri da acid aka ƙera shi.

Zaɓina shi ne sel (bakin awon da ke shiga ruwa) mai sanda biyu, ɗaya cikin ɗaya, na titaniyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lambar K 0.01 (K ita ce tazarar sandunan a raba da faɗin fuskarsu), da ma'aunin zafi Pt1000 a jikinsa. Sel mai K 1 zai sa mita ta auna ohm miliyan 18, inda wayar kanta take satar wuta, awon ya karkace musamman idan bugun wutar mai sauri ne. Da K 0.01 abin ya sauko zuwa 182 kΩ, wanda mita ke karantawa hankali kwance. A ɗaura shi cikin bututu, ruwa na gudana. Idan aka ɗebo a kofi, iskar kabon za ta kai shi kusan 1 µS/cm cikin mintuna. Ka kuma tambaya ko mitar tana da lissafin gyara awo bisa zafi na ruwa zalla, domin shi kusan kashi 5 cikin ɗari yake canzawa a kowane digiri, ba kashi 2 na ruwan yau da kullum ba.

Resin ma yana ruɗarwa. Ƙwayarsa ta fi ruwan wuce da wuta, don haka ɓarɓashi ɗaya da ya maƙale tsakanin sandunan zai sa mita ta nuna kamar ruwan ba shi da tsabta, har a zubar da resin mai rai. A sa abin tacewa kafin sel. Bayan tankin cation kuma, wanda resin ɗinsa ke musanya sodiyam da haidirojin, awon µS/cm hawa yake yi, saboda haidirojin ya ninka sodiyam gudu kusan sau 7.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Akwai mitocin da aka ƙayyade kada su wuce 18.2, sai su liƙe a nan ko da kumfar iska ce a sel ɗin. Wasu sel ɗin ana buga musu K 0.01 ba tare da takardar gwajin wannan sel ɗin ba. Kar ka yarda da mai sayarwar da ya tsoma sel a ruwan gwaji na 1413 µS/cm ya ce ka gani, wannan bai shafi matakin da kake aiki ba. Cire sel, kashe lissafin zafi, jona rizisto na 100 kΩ. Mitar kirki da aka saita a K 0.01 za ta nuna 10 MΩ·cm. In ta nuna wani abu daban, ka bar masa kayansa.