Wane Ƙamus Na Turanci Za Ka Saya Wa Yaronka?

Duk shekara idan aka koma makaranta, sai wani daga cikin iyayen ɗalibaina ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, an ce a saya wa yaro ƙamus. Wanne zan saya?" Yawancinsu sun riga sun yanke shawara a zuci: ko mafi kauri, ko mafi arha. Ni kuwa amsata ɗaya ce. Kafin ka sa hannu a aljihu, buɗe littafin ka nemo kalmar borrow, ka ga abin da ya ce a kanta.

Ga dalili. Mu a Hausa kalma ɗaya muke juyawa: na ari biro, na ara maka biro. Shi ya sa yaranmu ke cewa "borrow me your biro", alhali Bature kalma biyu gare shi, borrow ta mai karɓa, lend ta mai bayarwa. Ƙamus ɗin da ya ce maka borrow aro ne ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma ya sauke ka a tsakiyar hanya. Wanda ya dace zai nuna maka cewa ana borrow abu ne from wani, ya kawo jimla biyu ko uku, sannan ya tura ka ka duba lend. Haka abin yake da "ji". Muna jin magana, muna jin wari, muna jin zafi, muna jin Larabci, Turanci kuwa ya raba su huɗu: hear, smell, feel, understand. Ga "yi" kuma, wadda ta haɗe make da do. Sanin ma'anar kalma daban, sanin inda take zama a jimla daban, kuma na biyun ne ke kayar da yara a jarrabawa.

Mai farawa daga tushe, yaron firamare ko babban da ya shiga yaƙi da jahilci, ƙamus na Turanci zuwa Hausa ne tsaninsa, kada wani ya raina masa shi. Iyayenmu sun yi amfani da ƙaramin na Neil Skinner da ya fito a 1965. Yana da sauƙi, sai dai ya tsufa, ba za ka sami kalmomin waya da intanet a ciki ba. Na Roxana Ma Newman na 1990 ya fi shi nisa, domin yakan rarraba ma'anonin kalma ɗaya tare da misalai. Amma a sani, an fi tsara shi ne domin mai jin Turanci da ke neman Hausa, shi ya sa ya cika da alamun karin sauti da tsawon wasali, abin da Bahaushe ba ya buƙata. A 2020 maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta fitar da na Paul Newman da Roxana Ma Newman mai fuska biyu, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa, kuma shi nake fara ambata wa mai neman irin wannan. Na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 taska ne ga mai nazarin Hausa, amma ba su ne maganin wannan ciwon ba.

Daga aji ɗaya na sakandare zuwa sama, nan ne nake dagewa. A sayi ƙamus na Turanci zalla wanda aka rubuta musamman domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Ana gane shi da kalmar Learner's a bango, ko bayanin haka a gabatarwa.

Wanda ya fi yawa a shagunanmu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary. Mai shi na asali, A. S. Hornby, malami ne da ya koyar da Turanci a Japan, ya ga irin wuraren da ɗalibansa ke tuntuɓe, ya gina littafin a kansu. Oxford ta fara buga shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Abin da nake ƙauna a cikinsa shi ne ƙananan alamun da yara ke tsallakewa. Duba advice, za ka ga harafin U a gefe, ma'ana ba a ƙidaya ta, don haka babu "advices", kamar yadda babu "furnitures" ko "informations". Duba discuss, za ka ga ba ta ɗaukar about. Akwai kuma alamun furuci, waɗanda ɗalibin da zai zauna takardar furuci ta WAEC ba shi da makawa sai ya saba da su.

Longman Dictionary of Contemporary English, wanda ya fara fitowa a 1978, yana da wata hikima: kusan duk bayanansa an yi su ne da kalmomi wajen 2,000 masu sauƙi. Yaro ba zai je neman kalma ɗaya ya dawo da baƙi uku ba. Dattawan da suka yi firamare da ƙamus ɗin Michael West sun san daɗin wannan tsari, domin shi ma da 'yan kalmomi ƙalilan yake bayani tun 1935. Idan Turancin yaro bai yi ƙwari ba tukuna, na fi karkata ga Longman. Collins COBUILD na 1987, aikin John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham, yana bayani da cikakkiyar jimla kamar malami na magana a aji. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ban cika ganinsa a shagunan da nake zuwa ba.

Wanda nake hana saye shi ne ɗan ƙaramin na aljihu da aka yi wa Turawa 'yan gida. Babu jimla, babu gargaɗi, kalma ce kawai a gaban kalma, wani lokaci ma fassarar ta fi kalmar wuya.

Sai batun waya, tunda wani zai ce me ya sa zan kashe kuɗi. Gaskiya ne, shafukan Oxford da Cambridge da Longman na masu koyo kyauta ne a intanet, kuma suna da abin da takarda ba ta da shi: ka danna ka ji yadda ake furta kalmar. Babban mutum, ɗan kasuwa ko ma'aikaci, wannan ya ishe shi in yana da data. A lura dai, ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ne, zai ba ka color inda makarantunmu suka saba da colour irin na Ingila. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, yana fitar da mutum kunya a saƙon gaggawa, amma amsa yake miƙo maka, ba ya gaya maka dalili. Ga yaro kuwa, na ga abin da ke faruwa da idona: an ba shi waya ya duba kalma ɗaya, bayan minti goma yana kallon ƙwallo. Littafi ba ya buƙatar caji, kuma mai neman kalma a takarda idonsa kan faɗa kan maƙwabtanta.

Idan ka tsaya a kan littafi, kada ka biya a tsaye cikin sauri. Jabu ya yi yawa. Wata uwa ta taɓa kawo mini wanda ta saya wa 'yarta a bakin titi, tana murna ta samu da rahusa. Da muka buɗe, daga tsakiyar harafin M sai muka faɗa P, shafuka kusan talatin babu su, alamun furucin kuma duk sun dusashe kamar an jiƙa su. Ta ce, "Malam, ai a leda yake, ban ga cikinsa ba." To, ka ce a buɗe ledar. Ka bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, ka ɗaga takarda ɗaya ka ga ko rubutun baya na ratsowa har ya hana karatu, ka buɗe tsakiya sosai ka ga ko ɗinkin zai riƙe. Duba lambar bugu a shafin farko. Na hannu mai kyau, bugu na 8 ko na 9, ya fi sabon jabu na 10, domin bayanin borrow da lend bai canja ba tsakaninsu. In mai shago ya ƙi a buɗe, ka gode masa ka leƙa shago na gaba.