Ejan ɗin da ya samo mana haya a Jaji

Salam 'yan uwa, shekara ɗaya kenan da dawowarmu Jaji saboda an kawo maigida kwas a barikin, shi ne na ce bari in faɗi yadda muka yi da ejan ɗin da ya nemo mana gida.

Gaskiya mutumin kirki ne, ciki biyu da falo muka ce muna so a wajen bariki, kusa da titin Kaduna zuwa Zariya, kwana huɗu ya samo, kashi 10 ya karɓa bai ƙara ko sisi ba. Kuma shi ya tsaya sai da mai gidan ya rubuta mana takarda, don a nan idan aka ji soja ne sai a ɗaga kuɗi tunda an san kwas zai ƙare ya tafi.

Inda ban ji daɗi ba maganar ruwa, ya ce rijiyar ba ta ƙafewa, wallahi Maris na yi muka koma sayen jarka wajen 'yan garuwa kullum, ga yara uku ga wanki. Da ya faɗa mana tun farko da mun shirya.

Zaman kam lafiya lau, ana barci da kwanciyar hankali, Mami Maket akwai komai, mota zuwa Kawo ba wahala. Ƙarar harbi lokacin atisaye ce ta firgita autana da farko, yanzu ta saba.

Zan sake nemansa, amma rijiya da kaina zan leƙa.