Kaya ga su, hannu ya yi tsada: labarin babur daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Na ga saƙonka tun makon jiya, na ƙi amsawa a tsaitsaye ne saboda tambayar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah, wai da gaske ne a Jamus kayan gyaran babur zube suke sai wanda mutum ya zaɓa? Da gaske ne. Sai dai akwai sauran rina a kaba.

Abin da nake hawa Honda VFR800 ne, ƙirar 2006, na hannu na saya. Yana cikin jinsin baburan da aka ƙera don su haɗa gudu da doguwar tafiya: inji irin na tsere, amma zaman bai tanƙwara ka kamar mai ruku'u ba, ga gilashi a gaba yana tare iska, ga wurin ɗaura akwatuna a gefe. 'Yan uwansa a titi su ne Kawasaki Z1000SX da ya fito a 2011, da Yamaha FJR1300 da aka fara yi a 2001, da BMW R1250RS. Na ƙarshen nan biyu ba su da sarƙa, farfela ce ke juya tayar baya kamar mota, shi ya sa masu su ke yi mana dariya duk lokacin da suka gan mu a tsugune da tsumma. Kuma ba kowa ke hawansu ba. Lasin mataki-mataki ne: A1 na 125cc, A2 na babur da ƙarfin injinsa bai wuce kilowat 35 ba, sai A na komai da komai, wanda sai mutum ya kai shekara 24 ko ya yi shekara biyu da A2.

Maganar kaya kuwa, nan ba abin da zan ce sai sambarka. Akwai manyan shaguna irin su Louis da Polo, ba sa sayar da komai sai kayan babur, tun daga hular kwano har wanki na sarƙa. Ka shiga shafinsu ka rubuta sunan babur da shekararsa, sai a jero maka takalmin birki da filta da filogi da batir da suka dace da shi. In na kamfani kake so, dila zai nemi lambar firam ya fito maka da zanen injin, kowane noti da lambarsa. Kwana biyu ko uku kaya sun iso ƙofa. Abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka mayar in ka sake shawara. Wani abu da ya ba ni mamaki da farko: in ka sayi sabon batir ba ka kawo tsohon ba, sai an ƙara maka Yuro 7.50 na jingina, ranar da ka kai tsohon a mayar maka. Haka wanda ya sayar maka da baƙin mai, dole ya karɓi tsohon da ka juye daidai yawan wanda ka saya, ba tare da ka biya ba. Zuba shi a kwata laifi ne babba.

Kan baƙin man, ga abin da zai amfane ka ko a wurin aiki. Kulocin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, don haka man mota mai sa santsi yana sa shi zamewa. A bayan galan ake duba rubutun JASO MA ko MA2. Ni 10W-40 nake zubawa. Wane kamfani ya fi kuwa, kada ka soma tayar da wannan zance a taron masu babura, sai rana ta faɗi ba a gama ba, kowa na rantsuwa da nasa.

Taya ita ce inda na fi ƙaruwa. Gaba 120/70 ZR17, baya 180/55 ZR17, kuma kusan duk baburan wannan jinsi girman ke nan ko kusa da haka, shi ya sa zaɓi ya yi yawa: Michelin Road 6, Bridgestone T32, Pirelli Angel GT, Metzeler Roadtec. Yawancinsu robar tsakiya ta fi tauri don ta jure doguwar hanya, ta gefe kuma ta fi laushi don ta kama kwalta in an kwanta a kwana. Doka ta ce zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. Amma abin da wani dattijo ya nuna mini ya fi wannan. Ranar da na je duba babur ɗin kafin in saya, ina ta yaba tayoyin don zanensu a cike yake, sai ya durƙusa ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Tawa ta haura shekara takwas, ta bushe ta yi ƙarfi kamar ƙiri, ga ta sabuwa a ido. Da wannan lambar na rage wa mai shi kuɗi. Ka riƙa dubawa, Yaya, duk tayar da aka kawo maka a ce sabuwa ce.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kaya ga su, amma hannun da zai ɗaura su ya fi su tsada. Bakanike a nan da awa yake lissafi, kuma ba ka tura babur ka shiga gareji haka kawai, sai ka nemi rana. In ka bari har watan Maris ko Afrilu, lokacin da kowa ke fito da nasa daga ɗaki, sai ka yi makonni kana jira. Aikinsu tsaf yake, ba na musu, za a ba ka takarda an rubuta duk abin da aka taɓa. Sai dai yawancinsu ba gyara suke yi ba, canji suke yi. Abu ya samu matsala, a cire a jefar a sa sabo, don awar da za a ɓata wajen lallaɓa shi ta fi kuɗin sabon.

Na gani a kaina. Juyen mai na farko da na yi da hannuna, na ɗaure notin ƙasa da ƙarfin tuwo, sai na ji ya saki yana juyawa a banza. Zaren ya cinye, kuma laifina ne, alminiyom ba ya son ƙarfi. Na kai wani gareji, mutumin ya leƙa sau ɗaya ya ce sai an canja kaskon mai gaba ɗaya, a sauke salansa, a jira kaya. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama. Wallahi kai na tuna a lokacin. Daga baya wancan dattijon ne ya zo da wani ɗan akwati, ya yashe ramin kaɗan, ya yanka sabon zare, ya murɗa wata 'yar waya mai kamar sifirin a ciki. Minti arba'in, kofi ɗaya ya sha. Har yau ko ɗigo. Washegari na sayi sufana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas in noti ya kai inda littafin kamfani ya ce.

Tun daga nan na zama bakaniken kaina. Akwai gareji na haya, ka biya kuɗin awa a ba ka teburin ɗaga babur da kayan aiki, ka yi abinka. Mai, filta, takalmin birki, man birki DOT 4 duk shekara biyu, sarƙa da sufoket biyu a tare (ba a canja ɗaya a bar sauran, tsohon zai cinye sabon), duk ni nake yi. Abu ɗaya na bar wa masu shi, duba bawul a kowane kilomita 24,000. Injin V4 ne mai bawul 16, ga tsarin VTEC da ke riƙe rabinsu a rufe sai inji ya haura juyi 6,000 a minti. Kafin ka kai gare su ka kwance rabin babur. Wannan kam na san iyakata.

Sai takarda. Duk shekara biyu ake kai babur gwajin lafiya, mutane na ce masa TÜV, sunan wani kamfanin gwaji, ko da a wani kamfanin irin DEKRA aka yi, in ya ci a manna ɗan tambari mai launi a lambar baya. Duk wata kwaskwarima da ka yi, ranar nan za ka amsa tambaya a kanta. Fitila da tirafiketa da madubi sai da alamar E a jikinsu. Gilashin gaba, hannun birki, tiyon birki mai saƙar ƙarfe, abin ɗaga kan babur, kowanne sai da takardar izini da suke kira ABE, ko kuma injiniya ya duba a shigar da shi cikin takardun babur. Ni ban sani ba, na ga wasu hannayen birki da kuloci masu kyalli a intanet, arha kamar me, na ɗaura ina ta murna. Mai gwajin ya shafa su ya juya, ya nemi lamba bai gani ba, ya ce ina takarda. Babu. Ya ce in mayar da na asali in dawo cikin wata ɗaya. A ranar na ji haushi. Da na kwance su a gida na ga yadda ramin fin ɗin ya riga ya fara faɗi bayan 'yan watanni kawai, sai haushin ya koma kaina. A babbar hanyar da wani sashenta ba shi da iyakar gudu, hannun birki ba wurin neman arha ba ne.

Salansa ma haka. Akwai masu kyau da izininsu, irin Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, amma ka cire ɗan toshin da ke rage ƙara, izinin babur ɗin gaba ɗaya ya faɗi. A jihar Tirol ta Ostiriya, tun 2020 akwai hanyoyin dutse da ake hana duk babur da ƙararsa a tsaye ta haura desibel 95 bi a lokacin zafi, kuma adadin a rubuce yake cikin takardar rajista, ɗan sanda karantawa kawai zai yi. Abin da na lura, matasa ne ke kashe kuɗi a salansa. Waɗanda suka daɗe a kan hanya kuɗinsu na tafiya ne a kujera mai daɗi, da mariƙi mai ɗumama hannu, da akwatunan Givi ko SW-Motech, da ɗan tulun Scottoiler da ke ɗiga wa sarƙa mai ana cikin tafiya, sai kuma shakazoba ta baya. Na bi sahunsu. Kilomita 500 a yini ɗaya, ƙugu da wuya ne ke ba da labari, kunne ba ruwansa.

Lambar babur ɗina ta wasu watanni ce kawai, an rubuta 03 a sama 10 a ƙasa, wato daga Maris zuwa Oktoba kaɗai nake da izinin hawa, inshora da haraji ma na watannin nan takwas nake biya. Sauran huɗun ana watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe. Yanzu haka babur ɗin na cikin ɗakin ajiya a lulluɓe, tanki cike, batir a jone da 'yar caja.

Na saya maka irin sufanar nan mai auna ɗauri, da akwatin gyaran zare guda, mai girma daga milimita 6 zuwa 12. Wani ɗan uwa zai taho bayan wata biyu, zan ba shi. Kafin nan ka aiko mini da lambar da ke jikin sarƙar babban babur ɗin da ka ce an kawo maka, 520 ce ko 525 ko 530, da adadin haƙoran sufoket na gaba da na baya, kada in sayo abin da ba zai hau ba. Ka gaida Umma, ka ce mata ina sa hular kwano.

Ƙaninka.