Wata biyar ina zuwa jim ɗin mata a Kano ga kuma ciwon baifola, ga abin da na gani

Ƙawayena biyu da muke haɗuwa a layin ganin likita sun matsa min sai na faɗa musu yadda wurin motsa jikin nan da nake zuwa yake, to bari in rubuta kowa ya amfana. Jim ne na mata zalla a nan cikin Kano, a saman bene kan wasu shaguna, ba zan kama suna ba don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai kuma ba na so in taɓa wa mutane abincinsu.

Ni dai ina da baifola, ciwon nan da mutum zai hau sama ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu da ɓarin kuɗi, can kuma ya faɗo ƙasa ko wanka ya gagare shi. Shekara shida ke nan ina kan magunguna biyu, litiyam da olanzafin, alhamdulillahi kaina ya zauna, amma jikina ya ji jiki wallahi. Olanzafin yunwa yake sawa kuma ba irin wadda kika sani ba, sha ɗayan dare sai ki gan ni a kicin ina ɗumama tuwo bayan na ci da kowa na ƙoshi. Daga kilo 61 na tafi 84, ɗinkunan aurena duk na rabar. Ranar da aka auna min suga likita ya ce ina dab da shiga layin masu ciwon suga, ya kuma gaya min maganar da ta tsaya min a rai, wai ciwon zuciya yana cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar masu irin lalurarmu da wuri. Ya ce kar in kuskura in ajiye magani saboda ƙiba, in tashi in motsa jiki, minti 150 a sati kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato rabin awa sau biyar.

Wurin ba wani babba ba ne, injin tafiya huɗu, keke uku, ƙarafan ɗagawa da tabarmin roba, akwai ɗan lungun sallah da bayi mai tsafta. Namiji ba ya hawowa, ki cire hijabinki ki sake. Shida da rabi na safe suke buɗewa.

Amma abin da ya riƙe ni a wurin ba injina ba ne, Antin da take horar da mu ce. Ranar farko sai da na yi ta juya maganar a raina kafin in gaya mata, kin san garin nan kina cewa kina shan maganin ƙwaƙwalwa shi ke nan an gama da ke, ko a ce hauka ko a ce aljanu. Ita ko ko a fuska, cewa kawai ta yi, ƙanwata me likitanki ya ce a kiyaye? Na yi mata bayanin litiyam, cewa ta ƙoda yake fita kuma in mutum ya yi gumi sosai bai sha ruwa ba, ko gudawa ta kama shi, ko ya yanke gishiri farat ɗaya, sai maganin ya taru a jini, hannu ya kama karkarwa sosai, ga amai ga tangaɗi har magana ta riƙa sarƙewa, abin asibiti ne na gaggawa. Tun daga ranar ba ta bari in hau inji sai ta ga gorar ruwata a cike, da zafin watan Afrilu ya zo irin wanda yake haura 40 ɗin nan ita ta ce in bar ajin yamma in dawo na safe.

Akwai wani sati da ba zan manta ba. Na zo da safe na dawo da yamma, kwana biyu a jere, ina kan inji sama da awa ina ta zuba wa ta kusa da ni labarin kasuwancin da zan buɗe, ji nake kamar ba a taɓa yin mai lafiya irina ba. Anti ta zo ta danna madannin ta rage gudun a hankali har ya tsaya, ta ja ni gefe ta ce jiya awa nawa kika yi barci? Na ce uku, kuma ban gaji ba. Ta ce to ɗauki jakarki, kira Abban yara yanzu a gabana, gobe ku ga likita. Na ji haushinta ranar ba kaɗan ba, amma gaskiyarta ce, rashin jin buƙatar barci shi ne ƙararrawar farko ta hawan ciwon, kuma da yake an tare shi da wuri gyaran magani kawai aka yi ban kwanta asibiti ba. Matar nan ba likita ba ce, ido kawai ta sa a kaina.

Zuwan safen ma ya gyara min barci, in na yi asuba ba na komawa, goma na dare kuwa idona ya rufe, kuma masu ciwon nan sun san kwanciya da tashi a kan lokaci ɗaya kusan rabin magani ne a wurinmu.

To sai ƙorafi. A kan teburin shiga suna sayar da shayin rage ƙiba, yarinyar wurin kullum sai ta tallata min, Hajiya sati biyu tumbin nan zai tafi. Irin shayin nan gudawa da fitsari yake sawa, ruwan jiki yake zubarwa ba kitse ba, ga mai shan litiyam kuwa wannan haɗari ne sosai. Haka bel ɗin gumi da suke ɗaura wa mutane a ciki. Sannan duk wadda ta ce jikinta na ciwo sai a miƙo mata diklofenak ko ibufurofen kamar alawa, alhali su ma suna ɗaga litiyam a jini, ni farasitamol kawai likita ya yarje min. Ba mugunta ba ce rashin sani ne, amma mu nawa ne muke zuwa wurin muna ɓoye maganin da muke sha? Ba kowa ce za ta iya buɗe baki kamar ni ba.

Kuɗin wata kuma in kin biya ya tafi, lokacin da ciwon ya kwantar da ni sati uku ban leƙa ba, na roƙa a ɗaga min kwanakin aka ce ba a yi. Sikelin ma a tsakiyar fili suka ajiye shi kowa na leƙen kilonki. In an ɗauke wuta kafin a tada janareta kin jiƙe sharkaf.

Yanzu ina 78, suga ya sauko, gwajin litiyam ɗin da ake ɗiba awa 12 bayan shan na dare ya fito daidai, gwajin ƙoda da na maƙoƙo ma lafiya lau. Ba wani ramewa na yi ba, amma ina hawa benen nan ba haki. Zan sabunta kuɗin wata mai zuwa in sha Allahu, kuma duk wadda za ta je ta fara tambayar likitanta, ta zaɓi ajin safe, ta riƙe ruwanta, ta gaya wa mai horarwa gaskiya ko da a kunne ne. Shayin nan na yi wa mai wurin magana sau biyu a cire shi, har jiya da na je yana nan a kan teburin.