Sharhina kan layukan keke da 'yan sa kai suka sake ginawa a filin firiraid

Jama'a na daɗe ina son rubuta wannan sharhin amma na bari sai da na hau layukan sau huɗu, biyu ƙasa a bushe biyu bayan ruwan sama, saboda hanyar keke ba a gane gaskiyarta ranar buɗewa, ranar ai ƙasa lumui take kowa sai yabo, sai ruwa ya dake ta tukuna ake sanin an yi aiki ko ba a yi ba. Filin da nake zuwa ne suka rufe layuka uku kusan wata biyu aka sake musu fasali, yawancin aikin kuma 'yan sa kai ne suka yi, ni ma na je kwana biyu na riƙe shebur, don haka ba ji na yi a bakin wani ba.

Ga wanda bai san firiraid ba, gangarowa ce daga tsauni a keke ba don tsere ba, don tsalle da salo da ratsa wuri mai wuya. A yammacin Kanada abun ya yi ƙarfi a shekarun 1990, musamman dazukan arewa da Vankuba, inda mahayan da kansu suke kafa gadojin katako masu kama da tsani a kan taɓo da faɗaɗɗun itatuwa. Wato tun asali mai hawa shi ne mai gini. Ko gasar Red Bull Rampage da aka fara a 2001 a jihar Utah ta Amurka, mahayi da 'yan haƙansa ne suke sassaƙa layin da zai sauko ta kai. Shi ya sa da na ga sun rubuta "ba haƙa, ba hawa" a jikin rumfar kayan aiki ban ji haushi ba, dariya ma na yi.

Layin shuɗi shi ne ya fi lalacewa a da. Launukan nan kore, shuɗi, baƙi daga wasan zamiya kan ƙanƙara aka aro su, kore na 'yan koyo, shuɗi na tsaka-tsaki, baƙi na waɗanda suka ƙware. To shuɗin namu wanda ya fara yanka shi miƙe shi kawai ya yi daga sama zuwa ƙasa, ruwa kuwa ya samu hanya, duk saukar ruwan sama layin ya koma magudana, tsakiyarsa ya zama kwari mai kama taya, gaban kowace kwana kuma gargada ce da birkin mutane ya tono, kana isa ƙasa hannunka ya mutu ba ka iya buɗe yatsu.

Ranar farko da na je aiki ni a tunanina tudun tsalle za mu gina. Ina! Wani dattijo da ke jagorantar rukuninmu ya miƙo min wani abu mai gatari a gefe ɗaya fartanya a ɗaya gefen, Pulaski suke ce masa, sunan wani ma'aikacin gandun daji ne na Amurka kuma asalinsa kayan kashe gobarar daji ne, ya nuna min gefen hanya ya ce in buɗe wa ruwa mafita. Har azahar magudana nake tonowa. Na ce masa Baba ni fa tsalle na zo ginawa, ya ce yaro in ba ka sallami ruwa ba shi zai hau tsallen naka kafin kai.

A bakinsa na fara jin ƙa'idar rabi, wadda ƙungiyar IMBA ta masu keken tsauni da aka kafa a 1988 take koyarwa: gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren jikin tudun da take ratsawa. In tudun kashi 20 cikin 100 ne to hanyar kada ta haura kashi 10, in ta haura ruwa zai bar gangarowa gefe ya bi hanyar. Sannan ana ɗan karkatar da doron hanyar zuwa waje kamar kashi 5, kuma kowane ɗan nisa a sa ta ɗan nutsa ta sake tasowa, ruwan da ya biyo ta ya fita a wannan lotsawar. Abun mamaki wannan nutsawa da tasowar da aka yi don ruwa ita ce take ba keke daɗi, kana danna shi a gangaren yana ƙara gudu ba ka taɓa feda ba.

Rana ta biyu aka sa ni a kwana, irin wadda ake tayar wa gefen waje kamar bakin kwano. Nan ne na san wahala. Da farko sai an kwashe baƙar ƙasar sama mai ganye da saiwa gaba ɗaya an watsar, don in ka gina da ita ruɓewa take yi ta zube, sai an kai ga ƙasar ciki mai ɗan yumɓu. Baba ya ɗebo ya dunƙule a tafin hannu ya buɗe, ya ce in ta tsaya curi ta yi, in ta wargaje a yayyafa ruwa, in ta fito ta tsakanin yatsu ta jiƙe da yawa a bar ta ta sha iska. A zuba kaɗan, a daɓe da bayan shebur, a ƙara zubawa a ƙara daɓewa, tun sautin yana fitowa buɗu-buɗu har ya koma tas-tas kamar kana dukan siminti. Mu shida muka wuni a kwana ɗaya tak. Ni da ban zo da safar hannu ba bororo uku na koma da su gida.

Hawa kuwa, gaskiya shuɗin ya zama wani abu daban. Sun ƙara masa tsawo da kwanoni, kwanar da muka daɓe ɗin nan na shige ta na saki birki duka biyu ta riƙe ni cak ta wurgo ni waje da gudu, har ihu na yi ni kaɗai a daji. Washegarin ruwa mai ƙarfi na koma, wuri biyu kawai na ga ruwa ya kwanta. Wasu suna cewa yanzu ya yi kama da A-Line, sanannen layin tsalle na filin keke na Whistler a Kanada, wannan kam an zuzuta, amma an kama hanya.

Inda ban gamsu ba shi ne layin baƙi. Akwai tsalle mai rami a tsakiya da kowa ke tsoro, sun cike ramin sun mayar da shi tebur yadda ko ka gaza za ka sauka a kan doro. Na gane dalili, an sha kwasar mutane a wurin, amma ai akwai hanyar kewayewa a gefe ga wanda bai shirya ba, kuma layin baƙi ne. Haka wani wuri mai duwatsu da saiwoyi da nake so, sun binne shi da ƙasa ya zama sumul. In kowane layi ya koma santsi da kwana da tebur to me ya rage na firiraid ɗin? A bar mana ko guda ɗaya da ƙazantarsa don Allah.

Na biyu laifin masu filin ne ba na 'yan sa kai ba. Sun yi gaggawar buɗewa ƙasa ba ta gama kamawa ba, masaukar tsalle na uku tana da laushi, tayar gabana ta nutse na tashi sama na sauka a kafaɗa, Allah ya taimaka hular kwano da sulken baya suna jikina, sati guda ina ɗaga hannu da ƙyar. Kuma akwai inda baƙin yake faɗowa cikin shuɗin a bayan wata bishiya, ba allo ba komai, mai gudu da ɗan koyo za su haɗu a wurin wata rana. Na faɗa musu sun ce za a sa, zuwana na ƙarshe ba a sa ba.

Sai maganar kayan aiki. Mutum kusan ashirin, baro biyu, ɗaya ma tayarsa a sace. Wurin da ke sayar da tikiti mutane kuma suna zuwa yi masa aiki kyauta bai kamata a ce ana layin jiran shebur ba. Suna ba da tikitin hawa na kwana ɗaya ga duk wanda ya yi aikin wuni, wannan sun kyauta ba zan ɓoye ba.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan na riƙe sai ranar da na ga allo a mahaɗar nan. Wata mai zuwa za a taɓa layin kore kuma na riga na rubuta sunana, wanda zai zo ya taho da safar hannu da takalmi mai tauri, in yana da shebur a gida ya ɗauko abunsa.