Karatun lauya ko nazarin laifuka: amsa ga ƙaninmu na Daura

Ƙaninmu daga Daura ya ce zai cike JAMB bana, kuma abu biyu ne ke ci masa tuwo a ƙwarya: talakan da ake tsarewa shekara da shekaru ba a yanke masa hukunci ba, da matasan da ke shiga daji. Yana tambaya: lauya zai karanta ko kiriminoloji, wato nazarin aikata laifuka?

Ƙanena, damuwar taka biyu ce, kuma kowace da karatunta.

Ɗauki ta farko. An kama yaro bisa zargin fashi, an kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, sai a tura shi gidan yari ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta. Uwarsa na zuwa ƙofa da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ba ta ma san wa za ta tambaya ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Wanda zai miƙe gaban alƙalin babbar kotu ya nemi belin yaron nan lauya ne kaɗai, mai digirin kiriminoloji komai iliminsa ba shi da wannan izinin. Sai dai hanyar na da tsawo: shekara 5 a jami'a, sannan makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da tsangayar shari'a, amma gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa.

Kiriminoloji shekara 4 ce, kuma tambayarta daban. Lauya na tambayar ko an tabbatar da laifi. Shi kuwa mai kiriminoloji yana tambayar me ya kai mutum ga laifin, wa ake kamawa wa ake ƙyalewa, kuma ko ɗaurin na gyara ko ƙara lalatawa yake. Za ka sha ilimin zamantakewa da lissafin ƙididdiga, kada wani ya ce maka babu lissafi. A jiharmu ta Katsina kuwa ana ƙishirwar wannan ilimi. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, kowa na da ra'ayi kan 'yan bindiga, amma masu zama su bi diddigin satar shanu, rikicin burtali da gona, da hanyar da makamai ke shigowa ta iyaka, ba su da yawa. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali ta kawo hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar hidimar al'umma, kuma masu kiriminoloji ne suka dace da wannan aikin. Ana yin karatun a jami'ar NOUN ta karatu daga gida da Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: digirin kiriminoloji ba ya ba ka kaki. Sai ka jira 'yan sanda, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ko hukumar gyaran hali sun buɗe ɗaukar ma'aikata, ka yi layi da kowa. In kakin kake so tun farko, nemi Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, ka fito da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin sufuritanda.

Ni dai shawarata, tunda da tsararren talaka ka fara magana, sa lauya a zaɓin farko. Lauya na iya yin digiri na biyu a kiriminoloji daga baya, amma mai kiriminoloji in yana son tsayawa a kotu sai ya koma ya yi digirin shari'a. Duba sakamakonka na WAEC ko NECO tukuna: in ba ka da kiredit a adabin Turanci, yawancin jami'o'i ba za su ɗauke ka karatun lauya ba, gara ka gyara shi kafin ka cike fom.