Tsohon Rumbu a Ƙauyen Faransa ko na Italiya: Wanne Ya Fi Dacewa da Masaukin Masu Hutu?

Malam, ka ce ka kwashe shekaru kana aiki a birnin Liyon na Faransa, ka tara ɗan abin da Allah ya hore, kuma ka ga tallan tsofaffin rumbuna biyu masu arha, ɗaya a Creuse da ke tsakiyar Faransa, ɗayan a Umbriya ta Italiya, kana son sanin wanda ya fi dacewa a gyara a riƙa ba masu hutu haya. Saboda 'yan'uwa da ke karantawa daga gida, ba rumbun laka mai jinka ake nufi ba. Wani dogon gini ne na dutse da manoma suka yi wa shanu da harawa, ba famfo, ba wuta, ba makewayi, tagoginsa kuwa ba su wuce 'yan ramukan shan iska ba. Wanda ya saye shi bango huɗu da rufi kawai ya saya.

Tun kafin a zo kan kuɗi, abin da ya raba ƙasashen biyu shi ne izini. A idon dokar Faransa rumbu ginin noma ne, kuma ba ya zama gidan kwana sai hukumar gari ta yarda a sauya masa matsayi. Idan yana cikin filin da tsarin gari ya keɓe wa noma, to sai tsarin ya ambaci wannan ginin a cikin waɗanda za a iya sauyawa. Daɗin abin shi ne kana iya sanin amsa kafin ka fitar da ko sisi, domin akwai takardar da suke kira certificat d'urbanisme, wadda ake nema kyauta a ofishin magajin gari, a ba ka amsa cikin wata biyu. Idan faɗin ginin ya haura murabba'in mita 150 dole ne ka ɗauki mai zanen gini, idan kuma akwai ginin tarihi a cikin mita 500 wani jami'i na daban zai sa baki har a kan launin tagoginka. Ga kuma SAFER, hukumar filayen noma, wadda ke da wata biyu ta yanke ko za ta riga ka saye. Matakan suna da yawa, amma duk a rubuce suke, kuma da harshen da kake ji.

A Italiya kowane yanki da tasa dokar, kowace ƙaramar hukuma da yadda take fassara ta. Kusan komai yana bi ta hannun geometra, ma'aunin fili da ke haɗa takardu, kuma babbar matsalar tsofaffin gine-ginen ƙauye ita ce abin da ke tsaye a ƙasa bai cika dacewa da abin da ke rubuce a rajista ba: wani kaka ya ƙara ɗaki shekaru hamsin da suka wuce bai gaya wa kowa ba, sai a wayi gari cinikinka ya tsaya a kansa. Manomin da ke maƙwabtaka da filin shi ma yana da haƙƙin fifiko wajen saye. Sannan Umbriya ƙasar girgizar ƙasa ce. Ta 1997 ta rufta wani sashe na rufin babbar majami'ar Assisi, ta Oktoban 2016 kuma ta rushe ta Norcia, saboda haka babban gyara a can yana tafe da injiniya da ɗaure bango da ƙarfe, kuɗin da ba za ka taɓa ganinsa a hoton talla ba.

Wajen saye bambancin ba shi da yawa. A Faransa ka ƙara kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na haraji da ladan notaire (jami'in shari'a mai tabbatar da ciniki), a Italiya harajin rajista kashi 9 ne a kan gini, 15 a kan filin noma ga wanda ba manomi ba.

Inda kuɗi ke nutsewa shi ne rufi. Ranar da za ka je dubawa ka tafi da tocila da sukundireba, ka hau inda ake ajiye harawa, ka soka ƙarshen kowace azara a daidai inda ta shiga bango. Idan ƙarfen ya tsaya, itacen lafiya lau yake ko da ya yi baƙi ƙirin; idan ya shige kamar cikin tuwo, ko ka ga garin itace ya taru a ƙasa, to ka san rufin gaba ɗaya saukewa za a yi. Ka duba gindin bango ma, domin fitsarin shanu na shekara da shekaru yana barin gishiri a cikin dutse, ya yi ta tunkuɗo sabon yaɓe. Wanda ya fara da tayil da fenti kafin ya gama da waɗannan ya yi gyaran gangar auzinawa. A nan Faransa ta yi fice da abu ɗaya: doka ta wajabta wa magini inshorar shekara 10 a kan babban aiki, kuma kana da ikon neman takardarta kafin ya ɗaga guduma. Sai dai ka sa ramin bahaya a lissafi, tunda yawancin ƙauyukan ba su da magudanar gari, kuma akwai ofishin da ke zuwa ya duba kafin a rufe shi da ƙasa.

Idan aka zo kan baƙi, Italiya ce ke gaba nesa ba kusa ba. Umbriya tana tsakanin Rum da Toskana, baƙinta suna farawa tun bazara har zuwa Oktoba, alhali Creuse tana cikin lardunan Faransa mafi ƙarancin jama'a, kuma kasuwarta ta gaske Yuli da Agusta ce. Amma kada kalmar agriturismo, wato masaukin baƙi a gona, ta ruɗe ka. Dokar 1985 da ta 2006 da ta maye gurbinta sun keɓe wannan suna ga manoman da ke noma da gaske; kai gidan hayar hutu kawai za ka buɗe, da lambar rajista ta ƙasa wadda ta zama dole tun Janairun 2025, da aika wa 'yan sanda sunan kowane baƙo cikin awa 24. A Faransa kuwa za ka sanar da ofishin magajin gari, ka riƙa karɓar harajin kwana, idan ka so ka shiga Gîtes de France, ƙungiyar da aka kafa a 1955, wadda ke auna darajar gida da zangarniyar alkama daga ɗaya zuwa biyar.

Abin da ya sa na karkata ga Faransa duk da haka shi ne ranar Asabar. A irin wannan haya baƙi na fita da ƙarfe goma na safe, wasu su shigo da huɗu na yamma, kuma a tsakani sai an sauya zanen gado, an wanke banɗaki, an yanke ciyawa, an gano dalilin da ya sa ruwan zafi ya ɗauke. Daga Liyon zuwa Creuse tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a mota, Umbriya kuwa yini guda ne da ƙetare tsaunukan Alf. Duk aikin da ba za ka iya zuwa ka yi ba sai ka biya wani, kuma ribar watannin da Italiya ta ƙara maka a nan za ta zube.

Saboda haka gare ka, mai zama a Faransa kuma mai jin Faransanci, na zaɓi Creuse, da sharaɗin kada ka ɗauki hayar a matsayin abin da zai riƙe gidanka. Wanda ke zaune a Italiya yana jin harshenta, shi zan tura Umbriya. Masu tunanin saye daga gida kuma su sani mallakar gini a ƙasashen biyu ba ta ba da izinin zama, bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 cikin 180. Idan ka kai ga sa hannu a yarjejeniyar farko, ka sa notaire ya rubuta a ciki cewa cinikin ya rushe matuƙar ba a ba da izinin mayar da rumbun gidan kwana ba.